Zunubina ne ya kashe ɗana? Maigida kuma ya ce Allah ne ya gaza

Anti barka da aiki, don Allah a sakaya sunana. Ɗanmu na fari ya rasu 'yan watannin nan, sikila ce, shekararsa 7. Addu'a, azumi, asibiti, ba wanda ba mu yi ba. Tun ranar da aka binne shi maigidana bai ƙara taka coci ba, in na yi magana sai ya ce min ɗaya ne cikin biyu, ko dai Allah bai iya warkar da yaron ba, to ba Mai Iko Duka ba ne kenan, ko kuma zai iya amma ya ƙi, to ina ƙaunar da ake ta mana wa'azi a kai. Ga kuma wata mama a cocinmu da ta ja ni gefe ta ce in binciki kaina, wai irin wannan abu ba ya zuwa haka kawai. Anti ba zan ɓoye miki ba, da cikin yaron nan aka ɗaura mana aure. Na tuba tun tuni amma yanzu ko barci ba na iya yi. Hukunci ne Allah ya yi min? Kuma me zan ce wa mijina?

Ƙanwata, sannu. Sannu da wannan babban rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke da maigidanki.

Zan fara da maganar maman nan don ita ce ta hana ki barci, kuma ita ce ta fi sauƙin amsawa. A'a, ba hukunci ba ne. Ba don in kwantar miki da hankali nake faɗa ba, a rubuce yake. Buɗe Yohanna sura 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ne ko iyayensa, kin ga ai tambayar maman cocinku ce sak, shekara kusan dubu biyu kenan ana yinta. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. A Luka 13 ma an kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu, ya ce kuna tsammani sun fi sauran mutane zunubi ne? Ya ce a'a. Ya kira kowa ga tuba, amma wannan lissafin na wanda masifa ta faɗa wa shi ne mai laifi, ya ƙi shi fir. Ezekiyel 18 kuwa ta faɗa ƙarara cewa ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

Na san inda zuciyarki take zuwa in dare ya yi, wajen Dawuda da Batsheba, jaririn nan da ya mutu a 2 Sama'ila 12. Ba zan yi kamar babu wannan labarin ba, yana nan, kuma mai nauyi ne. Amma ki duba da kyau, a can sarki ne ya ƙwace matar wani ya sa aka kashe mijin, kuma Allah da kansa ne ya aiko annabi Natan ya faɗi abin baki da baki. Maman cocinku ba Natan ba ce, ba wanda ya aiko ta, zato ne kawai ta yi ta ɗora miki. Ke kuma kina wannan gefen gicciye, kin furta zunubinki kin tuba, 1 Yohanna 1:9 ta ce yana gafartawa, Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. In har Allah ya yafe miki sannan bayan shekara bakwai ya dawo ya karɓi bashin a jikin ƙaramin yaro, to me Yesu ya biya kenan? Wannan tunanin gicciyen yake rainawa, ko da yake da kayan tsoron Allah yake zuwa.

Kuma sikila an san yadda take zuwa. In uwa AS ce uba ma AS, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar sikilar a jini ba tare da ciwon ba, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS mai ciwon, ko an ɗauki cikin kafin aure ko bayan shekara goma da aure, ko fasto ne da matarsa ko wanda bai taɓa addu'a ba a rayuwarsa. Jinin bai san ranar ɗaurin aure ba. Akwai ma'aurata da suka tsare kansu har daren farko kuma suka binne 'ya'ya da wannan ciwon, su kuma wane zunubi za a ce su bincika?

To yanzu maigida. Kar ki ɗauka ya zama kafiri, kuma kar ki ɗauka shi ya ƙirƙiro tambayar nan. Tsohuwa ce sosai, ana jingina ta ga wani masanin falsafa na Girka, Efikurus, wanda ya rayu kusan shekara 300 kafin haihuwar Yesu, kuma abin mamaki wani marubuci Kirista ne, Laktantiyus, ya adana ta a rubuce a farkon ƙarni na 4 don ya ba ta amsa. Wato ikilisiya ba ta taɓa ɓoye tambayar ba, manyanta sun yi ta kokawa da ita, kuma har yau ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Bari in ba ki abin da aka faɗa, ba don ki je ki yi masa lakca ba, don dai ke ki san inda ƙafarki take.

Abu na farko shi ne me ake nufi in an ce Allah Mai Iko Duka. Da yawanmu mun taso da cewa yana nufin duk abin da baki ya iya furtawa Allah zai yi, amma Littafi Mai Tsarki da kansa ya ce akwai abin da ba ya yiwuwa a gare shi, Ibraniyawa 6:18 ta ce ba shi yiwuwa Allah ya yi ƙarya, 2 Timoti 2:13 ta ce ba zai yi musun kansa ba. Toma Akwinas, wani babban malamin tauhidin Kirista, a ƙarni na 13 ya yi bayani cewa abin da ya saɓa wa kansa ba wani abu ba ne da za a ce an iya ko an kasa, surutu ne kawai. Daga nan aka gina hujjar da ta fi shahara, cewa Allah ya so halitta mai iya ƙaunarsa da zaɓinta, kuma ba yadda za a ba mutum zaɓi na gaske sannan a ɗaure shi ya zaɓi alheri kullum. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya kafa wannan sosai. Shi kansa ya yi kusan shekara 9 cikin ƙungiyar Manikiyawa masu cewa akwai iko biyu da ke yaƙi, na haske da na duhu, don ya ga kamar hakan ya wanke Allah daga zargi. Da ya fito sai ya ce mugunta ba wata halitta ba ce da Allah ya yi, rashi ne, kamar huda a jikin zane, masaƙi zane ya saƙa, hudar lalacewar abin da aka saƙa ne. A 1974 wani farfesa a Amurka, Alvin Plantinga, ya sake tsara hujjar zaɓin nan yana amsa wa wani masanin falsafa, J. L. Mackie, wanda tun 1955 ya ce imani da Allah mai iko mai nagarta ba ya haɗuwa da samuwar mugunta, kuma masana falsafa da yawa, har da marasa addini, sun yarda cewa aƙalla ya nuna abubuwan biyu ba dole ne su ci karo ba.

Yanzu ga ra'ayina, wannan hujjar tana aiki in ana maganar kisa, fyaɗe, cin amana, zaluncin masu mulki, abin da hannun mutum ya yi. Amma in kika kai wa maigidanki ita zai ce miki to yaron nan wane zaɓi ya yi, kuma yana da gaskiya. Ciwon da aka haifi yaro da shi ba zaɓin kowa ba ne. Abin da Turawa suka gani kenan ranar 1 ga Nuwamba 1755, da girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na Fotugal da safiyar ranar idin tsarkaka, mutane cike a majami'u suna sujada, ruwan teku ya biyo baya, gobara ta ƙarasa sauran, dubban mutane suka mutu. Masu wa'azi suka ce fushin Allah ne, wasu suka ce to me ya sa a kan masu sujada? Shekara 45 kafin nan wani masanin falsafa na Jamus, Leibniz, ya rubuta cewa wannan duniyar ita ce mafi kyau cikin duk wadda za a iya yi, bayan Lisbon mutane da yawa sun kasa haɗiye wannan maganar.

Ga irin wannan wahalar Kiristoci sun ba da amsoshi daban daban. Wasu suka ce faɗuwar Adamu ba mutum kaɗai ta taɓa ba, duk halitta ta shiga, shi ne Bulus ke cewa a Romawa 8 dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda. Ki lura da bambancin nan don yana da muhimmanci gare ki, cewa ciwo da mutuwa sun shigo duniya ta dalilin zunubi daban, cewa ciwon ɗanki ya zo ta dalilin zunubinki daban. Na farko koyarwar ikilisiya ce, na biyu shi ne Yesu ya ƙi. Wasu kuma, masu bin layin Ireniyus, wani bishop na ƙarni na 2, suka ce duniya wurin girma ce, ba a yi mu cikakku ba, a cikin wahala ake koyon haƙuri da tausayi. Akwai gaskiya a ciki, amma ni dai ba zan iya kallon idon uwa in ce an ɗauke ɗanta don ta koyi darasi ba, kuɗin makarantar ya yi tsada. Sai kuma tsohuwar rigimar masu bin Kalbin da masu bin Arminiyus, malaman tauhidi biyu na Furotesta, wadda har taro aka yi a kanta a Dort ta ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, ɓangare ɗaya na jaddada cewa ba abin da ke faruwa sai da ƙaddarawar Allah, ɗayan na ba zaɓin mutum wuri mai faɗi. Duk su biyun masu bi ne na gaske, duk suna da ayoyinsu, kuma jikokinsu suna nan suna musu har gobe.

Kin ga dai amsoshin suna da amfani, suna nuna ba wauta ba ce mutum ya gaskata da Allah a duniyar da yara ke mutuwa. Amma ba ɗaya a cikinsu da ta faɗi dalilin da ya sa ɗanki, ba na maƙwabta ba. Littafi Mai Tsarki ma bai yi alkawarin ba da wannan dalilin ba.

Shi ya sa nake so ki zauna da littafin Ayuba, ki karanta shi duka, ba sura ta 1 kaɗai da ake karantawa wajen jana'iza ba. Mun saba jin Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa, sai a rufe littafin a ce ki yi haƙuri irin na Ayuba. Haba, a ci gaba da karatu mana. A sura ta 3 mutumin nan ya la'anci ranar da aka haife shi. Gaba kaɗan ya ce Allah ya mai da shi abin da ake auna wa kibiya, ya ce yana so a ba shi wurin da zai kai ƙarar Allah, maganganun da in maigidanki ya faɗe su a coci za a ce ya yi saɓo. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi abu mai kyau guda ɗaya, sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki sai suka ɓata komai, wa'azinsu kaf shi ne Allah mai adalci ne saboda haka lalle ka yi wani abu, binciki kanka. Bildad har cewa ya yi 'ya'yan Ayuba zunubinsu ne ya ci su. Kuma ki ga yadda aka ƙare, da Allah ya yi magana daga cikin guguwa bai gaya wa Ayuba dalili ba, ko labarin abin da ya faru tsakanin Allah da Shaiɗan a farkon littafin bai ba shi ba, tambayoyi ya jero masa a kan halitta. Amma a 42:7 ya juya kan Elifaz ya ce ya husata da shi da abokansa biyu don ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Masu kare Allah aka tsawata wa, mai kuka da gardama aka ce ya faɗi daidai, har ma shi aka ce ya yi musu addu'a. In aka jera maigidanki da maman cocinku a gaban wannan surar, ni na san wanda ya fi kama da Ayuba.

Kuma ba Ayuba kaɗai ba. Habakuk da har yaushe zan yi ta kira ba ka ji ya buɗe littafinsa. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, ba ko ayar yabo a ƙarshe, da duhu ta rufe, kuma an bar ta a cikin littafin waƙoƙin sujada. Bulus da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. To wanda zai ce miki bangaskiyarku ce ta yi kaɗan shi ya sa addu'ar ba ta ci ba, ya je ya gaya wa Bulus.

Akwai wani marubuci Kirista a Ingila, C. S. Lewis, a 1940 ya fitar da littafi mai tsari a kan wannan batun na wahala, hujja bayan hujja. Bayan shekara 20 ciwon daji ya kashe matarsa, sai ya rubuta wani ɗan littafin daban, da sunan aro ma ya fara fitar da shi, inda yake cewa da ya je wurin Allah cikin tsananin buƙata ji ya yi kamar an rufe masa ƙofa an sa sakata. Bai bar bangaskiya ba, amma hujjojinsa na da ba su ne suka riƙe shi a lokacin ba. Na kawo shi ne don ki gane maigidanki ba muhawara yake yi ba, ko da kalmominsa sun yi kama da na masu muhawara. Uba ne da ya ɗauki ɗansa zuwa asibiti dare da rana, ya ga yana murƙususu ya kasa yi masa komai, maza da yawa kuma ba su iya cewa zuciyata ta karye ba, sai ya fito a matsayin fushi. Mutum ba ya fushi da wanda ya tabbata babu shi.

Abin da ni nake riƙewa, kuma shi ne na ga ya bambanta amsar Kirista da sauran, shi ne ikon Allah a wurinmu ba a kan kujera daga nesa aka nuna shi ba. A Yohanna 11 Marta da Maryamu duk su biyun sun ce wa Yesu da kana nan da ɗan'uwanmu bai mutu ba, wannan ai zargi ne, bai tsawata musu ba, ya tsaya a can ya yi kuka alhali ya san zai ta da Li'azaru nan da ɗan lokaci. A Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba. A kan gicciye ya ɗauki farkon Zabura 22 ya yi ihu da shi, Allahna Allahna don me ka yashe ni. Wato tambayar maigidanki ta fito daga bakin Yesu kansa. Allah Uba kuma ya san abin da ake nufi da mutuwar ɗa. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a Afrilun 1945, ya rubuta daga kurkuku cewa Allah mai shan wahala ne kaɗai zai iya taimako. Wannan bai warware lissafin falsafa ba, amma ya rushe rabi na biyu na maganar mijinki, cewa Allah ya iya amma bai damu ba. Rabi na farko kuma, cewa bai iya ba, kabarin Yesu da aka tarar fanko ne amsarsa, da alkawarin Ru'ya ta Yohanna 21:4 cewa za a share hawaye, mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba. Muna zaune ne tsakanin biyun, kuma zaman akwai zafi.

To me za ki ce masa? Kusan ba komai. Ki daina tashinsa ranar Lahadi da zancen coci, kar ki haɗa shi da dattawa su zo su yi masa taron dangi, kar ki dinga tura masa ayoyi ta waya, musamman Romawa 8:28 mai cewa kome yana aiki tare don alherin masu ƙaunar Allah, ayar gaskiya ce amma ba yanzu ba, a kunnen wanda ya binne ɗa tana shiga kamar an ce abin da ya faru alheri ne. In ya sake jefo tambayar, ki ce masa ni ma abin yana cina, ni ma na tambaye shi. Ku yi hirar yaron, ku kira sunansa, ku tuna abin da yake yi yana ba ku dariya, don sau da yawa gidan da aka yi rashi kowa yana kukansa a ɗakinsa yana ɓoye wa ɗayan. Kuma ki gaya masa abin da maman nan ta ce da tsoron da ya hana ki barci, ina kyautata zaton shi ma yana ɗauke da nasa laifin da yake ɗora wa kansa, ko na jinin da ya ba yaron ko na wani dare da yake ganin an makara zuwa asibiti.

Ita kuwa mama, ki girmama furfurarta amma ba dole ki sake tsayawa ki saurara ba. In ta ƙara, ki ce Mama na gode, na riga na kai maganar gaban Ubangiji, ki wuce. In ta matsa ko kika ji tana yaɗa zancen, ki samu fasto ko matarsa ki faɗa musu, aikinsu ne su taka mata burki, don ba ke kaɗai za ta yi wa haka ba.

Rashin barcin nan kar ki bar shi a kan addu'a kaɗai. In ya ci gaba, ko abinci ya daina shiga, ko kika fara jin gara ki bi yaron, ki je wurin likita a ranar ki faɗa masa yadda kika faɗa min, ki kuma sa wata 'yar'uwa da kika yarda da ita ta san halin da kike ciki. Tunda kin ce shi ne na fari, in akwai ƙannensa a yi musu gwajin jini a san ko AA ne ko AS ko SS, in kuma kuna tunanin wani cikin nan gaba ku je tare da maigida likita ya yi muku bayani dalla dalla kafin nan. Wannan tafiyar asibitin ma ki roƙe shi ya raka ki, zai fi saurin amsa ta fiye da ta coci a yanzu.